Tasar Iya a Kan Sikeli

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, daga Makoɗa zuwa Kunchi da Bichi, ba a barin gona ta huta. Gona na jikin gona, gari na hangen gari, kuma duk ɗan filin da ka gani da mai shi, har ya san adadin gawo da ɗorawar da ke ciki. Ƙasar da ake nomawa kowace shekara tun kaka da kakanni ba ta ba ka komai sai ka ciyar da ita. A da jakuna ke wannan hidima, su kai itace da kara birni, su komo da mangalar taki. Yanzu buhun takin zamani ake nema, shi kuwa ba a cika ba da shi bashi ba. Shi ya sa babu lokacin da manomi ke shiga matsin kuɗi kamar tsakanin shuka da noman farko, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero kuma ya fara neman abinci. 'Yan gwangwan sun san wannan sarai. A daidai lokacin suke bin ƙauyuka da kura ko babur, da sikeli mai ƙugiya da ɗan maganaɗisu a aljihu, suna cigiyar tsohon ƙarfe.

A daminar 2023, bayan an cire tallafin man fetur komai ya yi tashin gwauron zabo, ni ma na amsa wannan cigiya. Malamin firamare ne ni, kuma gandun gidanmu yana hannuna tun da ƙarfin mahaifina ya ja baya. Albashi bai zo ba, gero ya fara yin ɗorawa-ɗorawa, maƙwabta sun zuba taki ni ban zuba ba. Na tattara tsofaffin garemani, da karyayyen keke, da tukunyar da ta huje, aka auna, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Sai mai sayen ya tambaye ni ko akwai jan ƙarfe ko tagulla a gidan, don su ne masu tsada. Nan na tuna da adudun Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Tun da ta rasu aka ja ƙofar ɗakinta, aka ce ƙananan kaya a bari sai an natsu a raba. A ƙasan adudun, cikin wani tsohon saƙi, akwai tasa mai murfi wadda sai da hannu biyu ake ɗaukarta, da mundayen ƙafa guda biyu masu nauyin gaske. Tasar ta yi duhu, kore-kore ya cika lungunan zanenta. Tun daga baki har gindi an bi ta da ƙananan ɗigo da layuka masu lanƙwasa, jeri bisa jeri, a tsakiyar murfin kuma akwai wani ƙulli da layukansa ke shiga juna ba ka ganin inda suka fara. Gefen murfin ya ɗan loɓa a wuri guda. Duk wannan na gan shi da idona a ranar, amma abin da ke raina shi ne nauyinta.

Na leƙa wurin mahaifina na ce, “Baba, akwai wani tarkacen ƙarfe a ɗakin Iya, zan haɗa da shi a sayi taki.” Ya ce in yi yadda na gani. Ban ce masa tasa ba, ban ce mundaye ba. Da gangan na zaɓi kalmar da ba za ta sa ya ɗago kai ba, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi yi mini nauyi a duk lamarin, don ta nuna zuciyata ta san akwai abin tambaya, na kauce masa.

Mai sayen ya ɗora maganaɗisu a jikin tasar, bai kama ba. Ya zaro magagari ya goga bakinta, wani haske rawaya ya fito daga ƙarƙashin duhun. Ya rataya ta a ƙugiya tare da mundayen, ya karanta sikeli, ya faɗi kuɗi, na ce a ƙara, ya ƙara kaɗan, na sallama. Da ya zo sa ta a buhu sai ta ƙi zama daidai da sauran kaya. Ya kifa ta a ƙasa, ya sa dunduniya ya taka, ya sake takawa, ta lotse. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Sana'arsa awo ce, abin da na kawo masa a matsayin ƙarfe shi ya saya a matsayin ƙarfe. Kuɗin duka bai cika na buhun taki ɗaya ba, sai da na yi ciko.

Da rani ya shigo muka kai ɗaliban aji shida ziyara Gidan Makama, a cikin birni, daura da fadar Sarki. Wanda bai taɓa zuwa ba ya kamata ya je. Gini ne na ƙarni na 15, kuma abin da aka gada a baki shi ne Muhammadu Rumfa ya zauna a cikinsa kafin ya hau gadon sarauta a 1463, ya gina Gidan Rumfa wanda har yau shi ne fadar Kano. Rumfan nan shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, kuma a cikin abubuwan da tarihin Kano ya jingina masa har da busa kakaki, wanda shi kansa aikin maƙera ne. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903 sun yi amfani da gidan wajen harkokin mulkinsu, daga baya wani sashe ya zama makaranta. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, yanzu kuma yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Katangun tubali ne masu kauri, rufin azara, ga bakan gizo da ɗaurin guga a soraye, sanyi na ratsa mutum ko da rana ta take. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi irin su sulke da kwalkwali, da kayan doki, da kayan kiɗa, da hotunan tsohon Kano.

Yara suka fi tsayawa wurin kayan yaƙi. Ni kuwa ɗakin amarya ne ya tsayar da ni, inda aka nuna yadda ake yi wa 'yar Hausawa jere a da. Ina ganin tasoshin da ke wurin gabana ya faɗi. Jami'in da ke zagayawa da mu, mutum mai haƙuri da yara, ya shiga bayanin yadda ake yin irinsu. Ya ce maƙeri zai narka ƙarfen ya zuba, ya yi ta bugu yana mayarwa wuta har ya zama falle, sannan ya yi ta juya shi a kan uwar maƙera yana ƙwanƙwasawa har ya ɗauki siffa. Zanen kuwa da ɗan ƙarfe mai tsini da ƙaramar guduma ake fitar da shi, ɗigo ɗaya bugu ɗaya. Mundaye masu nauyi zubi ake yi: a fara ƙera su da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce a fasa yumɓun. Tun da sai an fasa mazubin ake fito da abin, kowace munduwa ita kaɗai ce irinta a duniya. Wata yarinya daga cikin ɗalibaina ta juyo ta ce, “Malam, kakata ma tana da irin wannan, ba ta bari a taɓa.” Na ce mata kakarta ta yi daidai. Ban iya ƙara komai ba.

Bayan wannan ziyara ne na shiga neman sanin abin da ya kamata in sani tun kafin in buɗe adudun. Ƙasar Kano tana da tama, maƙeranmu na baƙi sun daɗe suna narka ta su ƙera fartanya da gatari. Tana kuma da kuza a Riruwai, can kudu, inda aka yi ta haƙo ta ana narkawa tun kafin zuwan Turawa. Amma jan ƙarfe, wanda shi ne uwar tagulla ko da kuza aka gauraya shi ko da tutiya, daga nesa yake zuwa, a bayan raƙumi. Ibn Battuta ya sauka Takadda, a ƙasar Nijar ta yanzu, a 1353, ya ba da labarin yadda ake zuba jan ƙarfe sanda-sanda, masu kauri da sirara, ana cefane da su kamar kuɗi, ana kuma kai su Gobir da Barno. A 1964 wani masani Bafaranshe, Théodore Monod, ya tarar da kayan wani ayari da aka binne a tsakiyar hamadar Muritaniya, sandunan tagulla fiye da 2,000, an ɗauko su daga arewa za a kai ƙasar baƙar fata ba su isa ba. Kusa da mu kuma, a Durɓi ta Kusheyi da ke yankin Mani a Katsina, an tona kaburburan tsofaffin sarakuna a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu kwanonin tagulla da mundaye da zinariya da hauren giwa, waɗanda aka kai birnin Mainz na Jamus aka gyara aka yi nazarinsu. Wato shekaru ɗaruruwa da suka wuce, a ƙasar Hausa, irin wannan ƙarfe abin da ake binne sarki da shi ne.

Saboda tsadarsa ne ya zama aikin maƙeran fari, masu azurfa da tagulla, dabam da maƙeran baƙi. Su ke yin zobe da awarwaro da munduwa, da shantali, da adon linzami da likkafa waɗanda muke gani suna walƙiya a hawan sallah. Nufawan Bida sun yi suna a bugun tasa da faranti da buta, har yau unguwar Tswata Mukun a can ta masu wannan sana'a ce, kuma fatake sun daɗe suna kawo aikinsu Kurmi. Magina ma sun shigar da shi cikin nasu aikin, don a tsofaffin sorayen Kano da Zariya akan manna faranti ko tasa a ƙololuwar rufi, inda bakuna suka haɗu. A ƙauye kuwa, inda ba soro ba doki, tagulla a ɗakin mace take zaune. Ita ce adonta, ita ce kuma ajiyarta, dukiyar da miji ba shi da iko a kanta. Da kwanonin sha da langa da kwalla masu fenti suka cika kasuwa, daga baya tangaran da robobi suka biyo, sai tasoshi suka sauka daga jere suka koma ƙasan adudu. Daga ƙasan adudu kuma zuwa sikeli taki ɗaya ne, in aka samu jika irina.

Akwai abin da ya ƙara mini ciwo. Na sha tsayawa gaban allo ina ba yara labarin yadda sojojin Ingila suka kwashe kayan tagullar Benin a 1897, kuma da Jamus ta dawo da wasu Abuja a watan Disambar 2022 na shiga aji da murna na faɗa musu. Har yanzu ina kan bakana cewa waccan ganima zalunci ce. Sai dai abin da aka sata aka ajiye yana nan, ana iya yin shekara ɗari ana jayayya a kansa a ƙarshe ya dawo gida. Wanda aka narka ya tafi ke nan. Na bi sawun tasar zuwa wuraren da ake tara gwangwan, aka ce mini jan ƙarfe da tagulla ba sa kwana da yawa a fili, da an tara ake lodawa a kai inda za a narka.

Abin da ya rage shi ne Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ke aure a wani ƙauye yamma da mu. Su biyu Iya ta bari, don haka ko a lissafin gado zalla kashi ɗaya cikin uku na kayan nan nata ne, kuma ban tambaye ta ba. Na fara zuwa wurin limaminmu. Bai yi mini sassauci ba, ya ce na sayar da haƙƙin da ba nawa ba, sai in biya ƙima in kuma nemi yafiya, daga mahaifina har ita. Baba da ya ji ainihin abin da na kira tarkace ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, “Ni na yafe. Je ka wurin 'yar'uwata, ita ce mai maganar.”

Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na tsuguna muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce, “Gwaggo, da laifi na zo.”

“Laifin me, ɗan nan?”

Na faɗa mata duka, ban rage ba, har takawar da aka yi. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Can ta ce, “Har da murfin?”

Na ce har da murfin. Na ajiye kuɗin da na zo da su a gefen tabarma. Ta tura mini su da bayan hannu ta ce, “Ɗauki abinka. Na yafe maka duniya da lahira. Amma gyara zama ka ji abin da ka sayar.”

Tasar, in ji ta, ta mahaifiyar Iya ce. Uban wannan tsohuwa ne ya sayo mata ita a Kurmi da kuɗin gyaɗa, a shekarun da jirgin ƙasa ya iso Kano, bayan 1911, manoma suka fara ganin kuɗi a hannu. Aikin Nufawa ce. Mundayen sun girme ta, daga arewa suka zo ta wajen kakanni, kuma amarya kan sa su na 'yan kwanaki ne kawai saboda nauyi. Duk 'yar gidan da aka kai ɗakin miji, a cikin tasar nan ake kai mata abincin farko, a wanke da toka da tsamiya a dawo da ita. Ita ma Gwaggo a ciki aka kai mata. Loɓawar murfin kuwa, wata damina ce bangon ɗaki ya zubo, Iya ta shiga cikin ruwa ta tono ta da hannu.

Sai ta zo kan farin 1973. Ta ce a shekarar gero ya ƙone a tsaye, mutane suka sayar da awaki da tufafi, wasu suka bar gari. Iya ta naɗe tasar a zane ta kai wa wata mai sayar da hatsi a garin da ke kusa, ta ba da ita jingina a kan 'yan tiyoyin dawa. Matar ta so ta saya gaba ɗaya, da farashi mai kyau, Iya ta ƙi. Ta yi ta kaɗi da saƙar faifai da tuyar ƙuli-ƙuli tana tarawa har ta fanso abarta. “Da yunwa a gidan, ɗan nan,” in ji Gwaggo. “Yunwa ta gaske, ba ta taki ba.” Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Ta ƙara da cewa Iya ta so a kai wa babbar 'yata abinci a ciki ranar da za a kai ta.

Na daɗe ina juya wannan magana. Ba na cikin masu cewa talaka ya rungume kayan tarihi ya kwana da yunwa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a gonarsa ya ga shuka na ramewa ba. Mai abu yana da ikon sayar da abinsa in ta kama, kuma ajiyar mace dama don ranar tsanani aka yi ta. Kuskurena ya fi sayarwa zurfi. Na ɗauka don na yi karatu na san darajar abubuwa, alhali wadda ta san darajar wannan tana nan da ranta, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a babur, ban je ba. Da na je, da ta nuna mini hanyar jingina, ko ta sayar da akuyarta ta ba ni rance, ko a ƙalla a kai tasar inda za a saye ta a matsayin tasa. Kuma na gane wani abu game da gidajen tarihi. Ko'ina a duniya, yawancin irin waɗannan kaya sukan isa can ne bayan sun rabu da labarinsu, sai a rubuta abin da ake iya sani, irin aikin da yankin da ya fito. Tamu tana da abin da ya fi wannan. An san wanda ya saye ta, da kuɗin me, an san amaren da suka ci a cikinta, an san dalilin loɓawar murfinta. Rabin wannan dukiya na narkar, ɗaya rabin yana bakin Gwaggo, kuma ita ma shekaru sun ja.

Don haka na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na koma wurinta na rubuta duk abin da ta faɗa, na zana tasar yadda na iya tunawa, ta gyara mini inda na kuskure. Daga nan na fara bin gidajen garinmu, da izinin mai gari, ina roƙon tsofaffi su nuna mini abin da ke ƙasan adudunsu. Abin da ke fitowa ya ba ni mamaki: shantali, da likkafar wani kaka da ya yi wa hakimi barantaka, da awarwaro, da 'yar kwalbar kwalli ta tagulla mai zane kamar na tasarmu. Ina ɗaukar hoto da waya, in rubuta sunan mai shi da wanda ya gada daga gare shi da duk labarin da aka tuna, in kuma karanta wa magada su ji. Ina roƙonsu kada a dirje su da yashi ko soson ƙarfe, don zanen ke tafiya. In sayarwa ta zama dole, a fara yi wa dangi tayi, ko a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi. Ina kuma gaya musu su yi hattara da baƙin da ke zuwa neman tsofaffin kaya a ɓoye, don doka ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izinin hukuma ba.

Ba kowa ke buɗe mini ba, kuma ba na jin haushi, don labarin abin da na yi ya zaga gari, ni da kaina na ba da shi. Kakar yarinyar nan da ta yi magana a Gidan Makama tana cikin waɗanda suka ƙi. Na je na gaishe ta, na yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe. Ta ce ba ta ƙi ba, amma ba za a kwance ƙullin ba sai 'yarta da ke aure a Kazaure ta zo, a buɗe a gabanta, a rufe a gabanta. Mun sa rana bayan an gama yankan dawa.